Sulhun da Ya Rufe Bakin Inna

Ni Bakanuwa ce gaba da baya, amma Allah ya haɗa ni aure da mutumin ƙasar Bauchi. Jarawa ne asalinsu, daga wani ƙauye a gindin duwatsun yankin Dass. Sai dai in ka ji maigidana yana magana, za ka rantse a cikin ganuwa aka yanke masa cibiya. Tun yana ƙarami aka kai shi makarantar kwana, daga nan sai Kano, sai aikin sakatariya. Abin da ya rage masa na Jaranci shi ne in an zage shi yana ganewa, amma ramawa sai dai da Hausa. Yaranmu kuwa ko zagin ba sa ji.

Muna zaune a Gyaɗi-Gyaɗi, a gidan haya, ni ina koyarwa a wata firamare. A shekarar da sojoji suka tattara komatsansu za su koma bariki aka kawo mana surukata daga ƙauye, za a yi mata aikin yanar ido. Inna muke ce mata. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta duk sun watsu a birane, don haka da ido ya buɗe maigidana ya ce ta yi zamanta kawai. Ya ce ko a ƙauyen ma wa za ta tarar? Sa'o'inta sun ƙare, yaran da suka taso kuwa in ta yi musu Jaranci da Hausa suke amsa mata.

Zaman ya yi mini wuya, ba don tana da fitina ba. Da ma fitinar gare ta, da na ji daɗi. Inna takan shimfiɗa tabarma a bakin ƙofar ɗakinta ta zauna tun hantsi har la'asar, ba uhm ba uhm-uhm. Tana jin Hausa, tana kuma yin ta daidai gaisuwa da cefane, amma a hankali take ɗauko kalmomin, kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. In na kai mata tuwo sai ta gutsiri gefe ta rufe kwano. Ta fara ramewa, ni ma na fara ramewa don fargaba, domin na san matan layinmu. Ba wadda za ta ce kewar gida ce. Cewa za a yi malamar makaranta tana horar da uwar miji da yunwa.

Wata Asabar na ce ta raka ni kasuwar Tarauni ta miƙe ƙafa. Muka tsaya wajen mai daddawa. Inna ta ɗauki ɗaya ta shinshina, ta yatsine fuska, ta yi wata magana da Jaranci can ƙasa-ƙasa, ita da kanta. Sai muka ji an amsa daga bayanmu. Wata tsohuwa ce gajera, da ɗankwali irin na matan zumuntar coci da ƙatuwar lema a hannu. Suka tsaya suna kallon juna. Na ce a raina, alhamdu lillahi, Inna ta sami 'yar'uwa. Har na fara shirin share hawaye in sun rungumi juna.

Ai kuwa sai tsohuwar nan ta dire lema, Inna ta gyara ɗaurin zani. Abin da ya biyo baya ban taɓa jin irinsa ba. Matar da a gidana sai na kasa kunne nake jin muryarta, ga ta tana zuba magana ba ƙaƙƙautawa, tana nuni da yatsa, tana tafa hannu, tana buga cinya. Ɗayar ma ba kanwar lasa ba ce. Masu kayan miya suka bar tumatir suka kewaye mu, kowa na tambayata me ake cewa, ni da ban san ko alif ba. Da ƙyar na janye Inna. A hanya tana huci, ni ina salati. Da muka isa gida ta cinye tuwon rana tas, ta suɗe hannu, ta ce ko akwai saura a tukunya.

Da maigidana ya dawo gida na ba shi labari. Ya tambayi kamannin matar, na faɗa masa, sai ya dafe kai.

"Inna lillahi! Har nan ta biyo mu?"

Ashe maƙwabciyar gonarsu ce a ƙauye. Su Kirista ne, ɗanta yana koyarwa a wata sakandare, yana zaune a Tarauni, shi ma ya ɗauko uwarsa bayan rasuwar ubansa. Tsakanin gonar gidan su maigidana da tasu akwai wata bishiyar ɗorawa, gindinta a kan iyaka, rassanta sun rabu gida biyu. A garinsu amfanin ɗorawa na mata ne: su ke kaɗo 'ya'yan, su ɗebi garin, su dafa kalwa su yi daddawa. Tun suna amare matan nan biyu suke rigima kan wadda ke da bishiyar. Mazansu sun mutu, gonakin ma wasu ke nomawa, babu wadda ke da sauran ƙarfin ɗaga gora ta kaɗo ko da guda, amma magana tana nan ɗanya sharaf.

Washegari Lahadi, ana tashi daga coci sai ga sallama. Tsohuwar nan ce, ta bi ta tambaya har ta gano gidanmu. Tun daga ranar abin ya zama ƙa'ida. Lahadi ita ke zuwa Gyaɗi-Gyaɗi, tsakiyar mako Inna ta yafa mayafi ta taka har Tarauni ta mayar da martani. Inna da a da sai an riƙe mata hannu take tsallaka kwata, sai ga ta tana ratsa 'yan acaɓa a babban titi, tana ɗaga musu hannu su dakata, ita tana da uzuri. Yarana suka sa wa matar suna Kaka ta Tarauni, muka bi su da shi.

Faɗan yana da tsari. Ba a fara shi da yunwa, sai na dama musu fura sun sha tukuna. In aka kira azahar, Kaka ce ke katse maganarta ta nuna wa Inna buta, ta zauna ta rungume lemarta har a sallame, sannan ta ɗora daga daidai inda ta tsaya. Wani lokaci magana ta rikiɗe ta koma waƙa, wannan ta yi baiti waccan ta mayar, har da rausaya. Wani lokacin su yi ta jero sunaye, da alama matattu ake kirawo shaida. Nakan sa maigidana ya fassara mini daga cikin ɗaki. Ya kasa kunne ya ce, "Yanzu maganar kakan babana ake, wai shi ya dasa ta." Can ya ce, "Yanzu an koma shekarar da aka yi fara." Can ya yi shiru. In ce, "Yanzu fa?" Ya ce, "Sun shiga zurfi." Wannan sun shiga zurfi ita ta fi yawa a fassararsa.

Ni dai ba ruwana da mai gaskiya. Abin da na gani shi ne Inna ta yi kumatu. Tun jajibirin zuwa Tarauni za ka gan ta tana shara tana motsa baki, tana tanadin abin da za ta faɗa, in ta samo mai zafi ta tsaya ta yi dariya ita kaɗai. Matan layi suka koma yaba mini da iya riƙon tsohuwa, ni kuma na karɓi yabon ban yi musu ba.

To, sai dimokuraɗiyya ta shigo mana gida. An rantsar da farar hula, kowa a Kano ya zama ɗan siyasa, mai shayi ma in ka tsaya sai ya yi maka bayanin tsarin mulki kafin ya miƙo maka kofi. Kowace ƙabila ta ce sai ta haɗa kai a san da zamanta, kada a raba romo ba ta nan. Maigidana da ɗan Kaka suka tattaro 'yan garinsu mazauna Kano, daga Unguwa Uku har Babban Giji, suka kafa ƙungiyar raya harshe da al'adun Jarawa. Maigidana shugaba, ɗan Kaka sakatare. A falona suke taro, kuma da Hausa ake yin sa daga addu'ar buɗewa har ta rufewa, sai in gardama ta yi zafi a koma Turanci. Sun yi wata guda suna muhawara kan kalar kalandar da za su buga. Jarancin da ake ji a gidan duka daga tsakar gida yake shigowa ta taga, shi ma sai shugaba ya tashi ya rufe tagar, wai hayaniya tana hana su tattauna yadda za a ceto harshe.

Abin da ya tunzura maigidana, wani maƙwabcinmu direba ne ya tare shi a majalisar ƙofar gida. Ya ce, "Ranka ya daɗe shugaba, ka haɗa kan Jarawan Kano kaf, amma tsofaffi biyu a tsakar gidanka sun gagare ka?" Aka kwashe da dariya. Ya shigo yana cika yana batsewa, ya ce za a kafa kwamitin sulhu.

Na ce, "Yallaɓai, ka bar su. Ranar faɗa ce kaɗai Inna ke neman ƙarin tuwo."

Ya ce, "Ke komai tuwo. Zamanin kama-karya ya wuce, yanzu lokacin hawa teburin shawara ne."

"Wa ya kama wa ya karya? Mutanen da sai sun sha fura suke farawa?"

"Ba za ki gane ba. Harkar shugabanci ce."

Aka sa rana. Aka yi hayar kujeru da rumfa, aka sayo lemo, aka gayyato limamin masallacinmu da faston cocinsu, har da mai hoto. Ni aka bari da tukunyar shinkafa. Aka zaunar da tsofaffin a gaba, kowacce ta juya wa 'yar'uwarta ƙeya. Liman ya yi wa'azi kan haƙƙin maƙwabtaka, fasto ya yi nasa kan yafiya, shugaba ya yi jawabi har ƙanƙarar lemo ta narke. Tsofaffi ko gezau. Da a nan aka tsaya, da an ci shinkafa an watse, Lahadi a ɗora daga inda aka kwana.

Sai dai maigidana, wanda ya manta kusan komai na garinsu, ya tuna abu guda da ya taɓa gani yana yaro. In rigima ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, akan ɗebo ruwa a sabuwar ƙwarya, masu rigimar su sha ɗaya bayan ɗaya, a fasa ƙwaryar a gaban jama'a. Daga nan maganar ta mutu. Duk wadda ta sake tayar da ita, abin ba a kanta zai faɗa ba, a kan 'ya'yanta zai faɗa. Ashe tun da safe ya aika an sayo ƙwaryar. Ya fito da ita yana murmushi, 'yan ƙungiya suna ta yaba masa da riƙo da al'ada. Liman ya ɗan gyara zama, ya dubi fasto, ya ce to, ruwa dai ruwa ne.

Da Inna ta ga ƙwaryar sai fuskarta ta canja. Ta juyo ta dubi Kaka, ita ma ta dube ta, karo na farko a ranar. Inna ta ce da ɗanta a hankali, "Kai, ka san abin da ka ɗauko kuwa?"

Ya durƙusa a gabanta. "Inna, ki rufa mini asiri. Ga mutane sun taru."

Ɗan Kaka ma ya durƙusa gaban tasa uwar. Uwa kuwa ba ta kunyata ɗanta a bainar jama'a. Inna ta karɓa ta kurɓa, ta miƙa, Kaka ta kurɓa. Aka fasa ƙwarya, aka yi tafi, mai hoto ya ce su yi murmushi. Hoton yana nan har yau, in ka gan su za ka ce daga zaman makoki aka taso su.

Lahadi ta zagayo, Kaka ta zo kamar yadda ta saba. Na kawo fura, na koma kicin na kasa kunne.

"Ina wuni?"

"Lafiya lau. Ya gajiya?"

"Ba gajiya. Ya yara?"

"Lafiya lau."

"To, madalla."

"Madalla."

Da Hausa, wallahi. Daga nan sai shiru, har ina jin ƙuda yana zagaya kwanon fura. Can ɗaya ta ce, "Ana zafi." Ɗayar ta ce, "Ana yi." Tun kafin la'asar baƙuwa ta ɗauki lemarta. Maigidana ya leƙo kicin yana washe baki ya ce, "Kin gani? Zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki." Da magariba Inna ta gutsiri gefen tuwo ta rufe kwano.

Na bari aka kwana biyu, sannan na cire kunya na zauna gefen tabarmarta. Na ce, "Inna, ai magana ɗaya kawai aka hana. Ku yi hirarku da yarenku mana, ku yi ta duniya."

Ta daɗe tana harhaɗa Hausar kafin ta amsa. "'Yar nan, wace hira? In na ce mijina, sai gona. In na ce gona, sai iyaka. In na ce ranar da na haifi mijinki, a inuwar abin nan naƙuda ta kama ni, ita ce ma ta riƙe ni har aka kirawo mata. Garinmu duk hanyar da kika bi, a gindin abin nan take ɓullewa. Bakina in ya kama yarenmu gudu yake, ba ya jirana. Hausa kuwa, kafin in nemo kalma na tuna da ɗana."

Na tausaya mata ƙwarai, na kuma ji haushin maigidana har sai da ya yi kwanaki yana shan shayi salam, yana tambaya ko sukari ne ya yi tsada.

Sai na ɗaura ɗamarar nema musu sabon faɗa. Ni da nake koya wa yara illar annamimanci a aji, na zama uwar gulma saboda Allah. Na taka har Tarauni na ce wa Kaka, Inna ta ce miyarta ba ta jin gishiri. Ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Gaskiyarta, hannu ya tsufa." Na dawo na ce wa Inna, Kaka ta ce tafiyarta ta agwagwa ce. Ta ce, "Na yafe mata." Na ɓoye lemar Kaka a bayan randa na yi ta kallon Inna da gefen ido, ko za a zarge ta. Inna ta sa ɗanta ya sayo wa Kaka sabuwa, aka yi ta godiya. Na gwada siyasa, tunda a kanta duk gari ke faɗa, na tsegunta musu cewa 'ya'yansu ba jam'iyya ɗaya suka zaɓa ba. Suka ce Allah ya yi musu albarka su duka. Ban taɓa ganin masu haƙuri masu ban haushi irinsu ba.

Shi ma shugaba daga baya ido ya raina fata. Ya ga uwarsa ta koma bakin ƙofa, kumatun sun zube. Ya je ya ɗauko liman ya yi mata bayani cewa ruwan ƙwarya ba rantsuwa ba ne, ba abin da zai sami bawa sai abin da Allah ya rubuta masa. Inna ta saurara da ladabi ta ce, "Gaskiya ne, Malam." Yana fita ta ce, "Malam ya san littafi, amma ba ɗansa ba ne." Maigidana ya tambaye ta ko akwai yadda ake warware abin. Ta ce akwai, tsofaffin da suka san yadda ake yi ne babu. Ya kai maganar gaban ƙungiya, aka kafa wani kwamitin.

Ziyara ta fara ja da baya, yau a zo, mako mai zuwa a aiko da gaisuwa. Ba gaba suke yi ba. Zaman ne ya yi musu nauyi, mutum biyu cike da magana suna kallon kwanon fura.

Ana haka ɗan Kaka ya sami canjin wurin aiki zuwa Jos. Ranar tafiya suka biyo ta gidanmu sallama, da hantsi, motar kaya a gaba, su a shatar tasi a baya. Muka fito ƙofar gida mu duka. Tsofaffin suka riƙe hannun juna suna ta "a yafe mu" da "sai wata rana", duk da Hausa, alhali kowa a wurin ya san a shekarunsu da wuya a yi wata ranar. Kaka ta shiga baya, ɗanta ya zauna gaba, direba ya tayar.

Motar ta fara gangarawa ke nan sai ga kan Kaka ta taga, ɗankwali ya zame. Ta buɗe murya da Jaranci ta saki magana mai tsawo, tana nuna Inna da yatsa. Ko ni na san wace magana ce, domin tana direwa ta toshe bakinta da hannu ɗaya, ɗayan ta damƙi kafaɗar ɗanta. Cikinta ne ya kasa riƙewa.

Na dubi Inna. Wallahi sai da ta ƙara tsawo. Idonta ya kawo haske, mayafi ya faɗi ba ta kula ba, ta taka har tsakiyar layi ta cika ƙirji da iska. Amsar tana nan, ta wata da watanni, ina ganin ta tana hawowa. Na ce a raina, faɗi, Inna, don Allah faɗi. Sai ta waiwayo ta dubi ɗanta, yana tsaye a bakin ƙofa da jarida a hannu. Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ɗaga wa motar hannu ta ce, "Allah ya kiyaye hanya."

Motar ta sha kwana. Inna ta sunkuya ta ɗauki mayafinta ta kakkaɓe, ta shige gida. Ni kam kuka nake, ban ɓoye ba. Maigidana ya bi ta har bakin tabarma ya durƙusa.

"Inna, me kika so ki ce mata? Faɗa mini ni. Na ɗauke miki, ko me zai same ni ya same ni."

Ta dube shi, babu fushi a fuskarta.

"Ko na faɗa, ji za ka yi?"